Kunudul ɗin Fatihu Jamus

A garin Wheaton na Amurka, idan ka ce kana neman Fatihu sai an tambaye ka wanne. Amma idan ka ce Fatihu Jamus, ko Bahabashen da ke sayar da naman halal zai nuna maka benen da yake zaune. Injiniyan na'urar sanyaya ɗaki ne, mutumin Gwammaja, gajere mai tumbi, da gashin baki kamar an zana da biro. Sana'arsa ya iya ta, wannan babu ja. Bakinsa ne dai har yau ba a ƙera na'urar da za ta sanyaya shi ba.

Asalin laƙabin kuwa, shekarar da zai zo Amurka jirginsu ya yada zango a Frankfurt, dusar ƙanƙara ta hana tashi, fasinjoji suka kwana a kan kujerun filin jirgi. Da gari ya waye aka ba kowa abinci kyauta. Fatihu ya nuna wani abu dunƙulalle a cikin romo, ya ci, ya suɗe yatsu. Iyakar Jamus ɗinsa ke nan. Amma tun daga ranar ba a yin hirar siyasa, ko ta mota, ko ta tarbiyyar yara, face ya gyara zama ya ce, "Lokacin da nake Jamus..." Matarsa Hajiya Tayyiba kaɗai ta san tsawon lokacin nan, ita kuwa mace ce mai rufa wa miji asiri muddin bai taɓa mata kaya ba.

A hawan ƙasa akwai Davou, mutumin Jos, nas a wani asibiti, da matarsa Chundung. Ɗansu Jerome ya samo yarinya a jami'a mai suna Abby, magana har ta yi nisa. Uwar yarinyar, Madam Constance, haifaffiyar wani ƙauye ce a kudancin Jamus, ta daɗe a Amurka. Ta aiko cewa ranar Asabar ta sama za ta zo ta ga gidan da 'yarta za ta shiga kafin ta sa albarka.

Fatihu ya shiga gaishe su ya tarar suna shawarar abinci.

Chundung ta ce, "Gwate zan yi mata, da masa, da farfesun kaza. In ba ta ci ba ta sha ruwa."

Fatihu ya dafe ƙirji. "Gwate? Bajamushiya? Baban Jerome, ka gode wa Allah da ya haɗa ka maƙwabtaka da ni. A Jamus, ranar da suruka ta fara taka gidanka, kunudul ake ajiye mata. In babu kunudul, ka ce mata ba ka son 'yarta ke nan. Ba za ta nuna maka ba fa. Za ta ci, ta yi murmushi, ta yi godiya. Sai dai ku ji an ɗaura da wani."

Davou ya ce, "Injiniya, mene ne shi kunudul ɗin?"

"Busasshen burodi ne, a jiƙa da madara, a fasa ƙwai, a sa albasa da ganye, a dunƙula, a jefa cikin tafasasshen ruwa."

Chundung ta ce, "Wato ɗanwake."

"Ɗanwake! Madam, kin taɓa jin an kwatanta Marsandi da amalanke?"

Davou ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Injiniya, auren yaron nan yana hannunka."

"Ai ya ɗauru. Ku dai ku sayi lemo."

Washegari ya dawo daga aiki but ɗin mota cike da burodi. Tayyiba ta tsaya bakin ƙofa tana kallon yadda yake ta safa da ledoji.

"Malam, gidan marayu za mu buɗe?"

"Hajiya, ba ni hanya. Harkar ƙasa da ƙasa ce."

Ya kwance ledojin ya baje burodin a kan tebur, da kan kujeru, har da kan talabijin, don ya bushe. Kwana ya bi kwana. Kullum da safe sai ya danna da yatsa, burodi ya lotsa ya dawo kamar kumatun jariri.

Ya ce, "Wannan wace irin ƙasa ce? A Jamus burodi mai mutunci in ya kwana sai ya bushe. Wannan kuwa ko gawar Fir'auna albarka."

Sai ya kwashe shi ya shimfiɗa a tabarma a baranda, rana ta yi aikinta, ya tafi nasa aikin. Da ya dawo la'asar, babu bishiyar da ke harabar gidan da ba ta yi 'ya'yan burodi ba. Kuregun unguwa sun yi walima. Ɗaya na zaune a kan ƙarfen baranda, ya riƙe yanka guda da hannu biyu kamar mai karanta jarida. Fatihu ya jefe shi da silifa. Kurege ya kauce, silifa ta sauka a kan motar mai gidan haya.

Injiniya dai injiniya ne. Ya sake cika but, amma wannan karon bai hau sama ba. Ya gangara ɗakin wanki na ƙarƙashin bene, inda duk mazauna gidan ke wanki, ya buɗe injin busar da tufafi, ya juye burodin a ciki, ya murɗa zafi har ƙarshe. Burodi ya yi ta tsalle yana kifewa a bayan gilashi, Fatihu na tsaye yana yaba wa kansa. Burodin ya fito a bushe ƙamas, rabi yanka rabi gari. Ya kwashe abin da ya kwasu, sauran ya bar wa injin ladan aikinsa.

Ranar Juma'a da yamma aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Hajiya Sailuba ce ta hawa na biyu, mutuniyar Maraɗi, riƙe da farar babbar rigar mijinta.

"Mushe Fatihu!"

"Hajiya, sau nawa zan ce ki daina kirana mushe? Ga ni da raina da lafiyata."

"Faransanci ne, wajenmu girmamawa ce, amma yau ka ɗauki wadda ka ga dama. Mi ka zuba cikin masin ɗin jama'a? Alhaji ya sa rigar ga ya tafi masallaci, tun daga bakin gida tantabaru ke biye da shi. Yana sujada, wata ta shigo ta taga ta sauka bisa bayanshi!"

Fatihu ya shinshina rigar ya ce, "Hajiya, a Jamus wannan ƙanshin sai manya."

"To babba ya sake wanki." Ta miƙa wa Tayyiba rigar, Tayyiba ta miƙa masa, ta haɗa masa da sabulu.

Da ya gama wanki ya shiga gwaji. Ya yanka burodi, ya jiƙa, ya fasa ƙwai, ya murza, ya dunƙula curi-curi ya jera su a faranti gwanin sha'awa. Ya ba tukunya wuta har ruwa na tsalle yana fallatsa, don a cewarsa Bajamushe ba ya wasa da wuta. Ya jefa su duka, ya rufe, ya harɗe hannu. Can ya ɗaga murfi.

Babu ko ɗaya. Wani farin kunu ne ke ɓararraka, albasa na iyo a kai.

Ya sa ludayi ya laluba gabas, ya laluba yamma. "Ina suka shiga?"

Tayyiba ta leƙa ta ce, "Sun koma Jamus."

Ana cikin haka Davou ya hawo jin labari. Fatihu ya yi maza ya zuba masa a kofi ya ce wannan matakin farko ne, ba kowa ake ba ba. Davou ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

Ya ce, "Na san wannan. Irinsa muke ɗura wa marasa lafiya ta hanci."

"Ka gani? Har asibiti ya shiga. Je ka kwantar da hankalinka."

Da ya fita, Tayyiba ta ce, "Malam, ka sa 'yar kuka da ɗan ruwan kanwa kamar yadda ake wa ɗanwake. Zai kama jikinsa."

"Hajiya, Jamusawa ba su san kuka ba. Wannan kimiyya ce, ba girkin tsakar gida ba."

Tana shiga ɗaki yin sallah ya buɗe kabad. Lissafinsa na injiniya ya ba shi cewa abin da kaɗan ya kama, mai yawa zai ƙanƙame. Ya juye kukar gidan gaba ɗaya. Ya bi ta da kanwa. Ya ga garin kwaki ya ce ai kai ma ɗan kamu ne. Ya ga kwalin garin sakwara ya ce zo a yi da kai. Ya dunƙula ɗaya ya dafa. Ya fito kore shar. Zafi ya sa ya suɓuce daga ludayi, ya daki ƙasa, ya yi sama ya taɓa silin, ya dawo ya bugi firij, ya shige ƙarƙashin kujera.

Fatihu ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Ya kama jikinsa."

Asabar da sassafe Tayyiba ta sauka taya Chundung suyar masa, don Chundung ta rantse ko suruka daga duniyar wata ta fito sai ta yi girkinta. Gida ya zama na Fatihu. Ya kunna kwamfuta ya sami wani tsohon Bajamushe yana koyar da girkin. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma duk inda tsohon ya numfasa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka yake." Ya ga tsohon ya naɗe ƙullin a cikin farin ƙyalle, ya ɗaure, ya tsoma a ruwa.

Nan take basira ta sauko masa. Ƙananan curi na talakawa ne. Suruka guda ɗaya ake yi mata, wanda in ta gani za ta san ta zo gidan girma. Ya juye duk burodin da ya rage cikin bahon wanki, ya zuba madara da ƙwai da haɗinsa na jiya, ya shiga cuɗa har gwiwar hannu. Abin ya tashi kamar randa.

Saura ƙyalle. Tawul ya yi kaɗan. Zanen gado na da furanni, bai dace da Turai ba. Ya buɗe akwatin Tayyiba, can ƙasa ya ga zanen rini mai shuni, wanda mahaifiyarta ta ba ta da hannunta ranar da za ta baro Kano. Ya ja shi ya ji ƙarfinsa. Ya ce, "Aro ne. Ai ruwa kawai zai sha."

Ya naɗe, ya ɗaure. Ya jawo tukunyar ƙungiyar 'yan Arewa, wadda ake dafa shinkafar Sallah da ita, ya ɗora ta ta mamaye duk idanun murhu. Da ƙyar da nishi ya mirgina ƙullin ciki.

Ba a jima ba ruwa ya koma shuɗi. Tururi ya koma shuɗi. Silin ya fara kama launi. Abin ya dinga kumbura har murfin tukunya ya ɗaga kamar mai cire hula yana gaisuwa. Ƙararrawar hayaƙi ta fara ihu, Fatihu ya hau kujera ya cire mata batir ya ce, "Ba a tambaye ki ba."

A ƙasa kuwa, a filin ciyawar bayan gida, daidai ƙarƙashin barandarsa, an jera teburan roba, maƙwabta sun hallara. Madam Constance ta iso, doguwar tsohuwa mai farin gashi, sanye da atamfar da Abby ta sa aka ɗinka mata. Ta gaisa da kowa, ta zauna, aka zuba mata gwate. Ta cinye ta miƙa kwano a ƙara, tana murmushi.

Davou ya raɗa wa matarsa, "Kin ga murmushin nan? Shi Injiniya ya faɗa. Mun shiga uku." Sai ɗaga kai sama yake yi.

A sama, Fatihu ya zubar da ruwan ya kifar da tukunya, ƙullin ya faɗo tim yana huci. Ya gwada ɗauka, bayansa ya yi ƙara. Ya gwada ja zuwa matakala, ya ga in ya sake shi a nan sai ya yi kisa. Sai ya tuna da igiya da kurar ƙarfen da yake jan na'urori zuwa saman bene da su. Ya maƙala a ƙarfen baranda, ya ɗaure ƙullin. Kafin ya fito ya sa kwat, ya ɗora malafa, ya cire gashi ɗaya daga abin kakkaɓe ƙura ya soke a gefenta, don haka ya ga tsohon kwamfuta ya yi.

Ya leƙo ya ƙwala gaisuwar Jamusawa, "Guten Tag!"

Kowa ya ɗaga kai. Ga wani baƙin ƙunshi na saukowa a hankali daga hawa na uku, yana lilo, yana tururi, yana ɗigar da shuɗin ruwa.

Hajiya Sailuba ta ce, "La ilaha illallahu! Wa ya rasu?"

Ɗigon farko ya sauka a kafaɗar mijinta, a kan farar rigar nan da aka wanke jiya. Na biyu ya sauka a hularsa.

Tayyiba ta ƙura ido, ta ajiye farantin masa. "Zanena ne? Malam! Zanen Inna ne wancan?"

Fatihu ya yi kamar bai ji ba. Ya gyara murya ya shiga jawabi da Turanci. "A madadin gidan Davou, da ni kaina, tsohon mazaunin ƙasarku mai albarka, ina yi wa babbar baƙuwarmu..." Sai jawabi ya ɗebe shi, ya buɗe hannuwa biyu, "...barka da zuwa!"

Igiya ta yi fiiit.

Ƙullin ya sauka a gefen teburin abinci. Wancan gefen ya yi sama. Jug ɗin zoɓo ya tashi ya juye a kan Jerome, ango mai farar taguwa. Masa ta yi ruwa a kan jama'a. Farfesu ya bi ciyawa. Shi kuwa gogan ko tsagewa bai yi ba. Ya yi tsalle ɗaya, ya gangara, mutane na darewa, ya je ya tsaya a gaban ƙafafun Madam Constance. Ɗaurin ya kwance, zane ya zame. Ga shi nan, shuɗi, sumul, yana hayaƙi.



Tsohuwa ta dube shi, ta dubi Davou, ta tambaya da ladabi cikin Turanci, "Al'adarku ce? In dafa shi in yi rantsuwa, ko yaya ake yi?"

Davou ya share gumi. "Madam, ai... na ƙasarku ne."

Daidai nan Fatihu ya iso yana haki, gashin malafa ya karye. Ya nuna abin da alfahari ya ce, "Kunudul!"

Sai da ya maimaita sau uku kafin ta gane. Fuskarta ta washe, ta kama hannunsa ta sako masa Jamusanci kamar an ɓalle famfo.

Fatihu ya yi murmushi ya ce, "Ya."

Ta ƙara sako wani.

"Ya, ya."

Abby ta ce, "Kawu, tambayarka take yi, a wane gari ka zauna?"

Fatihu ya laluba ƙwaƙwalwarsa. Ya ji kunyar ya ce Frankfurt, don kowa ya san nan jirgi ke sauka. Sai ya tuna da wata kalma da ya yi ta gani a kan alluna.

"Ausgang," in ji shi. "Babban gari ne. Ko'ina ka duba kibiya na nuna hanyarsa."

Abby ta rufe baki. "Kawu, Ausgang ai ƙofar fita ke nan."

Tayyiba na durƙushe tana ɗaga zanen Inna, wanda ya koɗe ya yi dabbare-dabbare, kuka ta manne masa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ko ita ƙofar ba su bar shi ya bi ba. Ba shi da biza. A kan kujerar filin jirgi ya kwana, gari ya waye suka taso."

Dariya ta fashe. Hajiya Sailuba har da zama a ciyawa. Chundung ta juya ga mijinta ta ce, "Ga malaminka nan." Davou ya nufo Fatihu yana naɗe hannun riga.

Madam Constance ta ɗaga hannu. Ta ce mutumin da ya sha wannan wahala dominta, ba za ta tafi ba ta ɗanɗana ba. Aka kawo wuƙa, ta lanƙwashe. Aka kawo ta sarar ƙashi, ta yi tsalle ta dawo. Sai da Fatihu ya je mota ya ɗauko zarto. Ya taka abin da ƙafa yana ja, gumi na zuba, har ya fitar da yanka guda, shuɗi a waje, kore a ciki.

Tsohuwa ta karɓa, ta gatsa. Ta ja, bai zo ba. Ta riƙe da hannu biyu ta fizga.

Yankan ya fito, da haƙoranta na sama jere a jikinsa.

Chundung ta ce, "Yesu!" Sailuba ta ce, "Inna lillahi!" Jerome ya zauna a ƙasa da zoɓonsa. Davou ya rufe ido, ya ga aure na tafiya ba waiwaye.

Madam Constance ta daɗe tana kallon haƙoranta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ƙyalƙyale da dariya, baki fayau, har hawaye na bin kumatunta. Ta faɗi wata magana da Jamusanci, tana nuna Fatihu.

Abby ta ce, "Ta ce sak irin na marigayiya uwar mijinta."

Fatihu ya yi tsalle ya cire malafa. "Allahu akbar! Kun ji? Hajiya, kin ji? Sak! Na gargajiya ke nan, wanda 'yan zamani ba su iya ba!"

"Ban gama ba, Kawu. Ta ce da irinsa tsohuwar ta taɓa jifan karen maƙwabta, kare bai sake tashi ba. Kuma saboda kada ta sake cin sa ta matsa wa babana suka taho Amurka."

Tsohuwa ta share hawaye ta kama hannun Chundung. Ta ce gidan da zai iya zama da maƙwabci irin wannan shekara da shekaru bai tashi ba, 'yarta ba za ta rasa masu haƙuri da ita ba. Ta sa albarka. Sannan ta roƙi a ƙara mata gwate, tunda shi ba ya neman haƙori.

Haƙoran kuwa sun ƙi fita. Aka jiƙa, aka murɗa, aka sa filaya, ko gezau. Ranar Litinin Jerome ya kai su wurin likitan haƙori tare da yankan, a cikin leda. Da yamma ya dawo ya tarar da Fatihu a kicin, kan tsani, yana goge shuɗin da tururi ya bari a bango, Tayyiba na zaune tana nuna masa inda ya tsallake.

Jerome ya ce, "Kawu, likita ya ce sai dai a yi mata sababbi. Injinsa ma ya karye. Ya ce in tambaye ka, don Allah da me ka haɗa wannan abin? Wai tunda yake aiki bai taɓa ganin gam mai kamunsa ba."

Fatihu ya sauko taki ɗaya, ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya.

"Ka ce masa ya zo da kansa. Irin wannan ilmin ba a aike."